Kar Ku Yar da Tsohuwar Tocila

Ƴan'uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa shirin birbe ko bak a ƙasar nan ya san wata magana da ba a rubuta ta a tablo ba: watannin bita su ne watannin zafi, watannin zafi kuma su ne watannin ɗauke kuran. Afrilu da Mayu, sa'ad da kowane gida ya kunna fanka, kowane mai sayar da ƙanƙara ya cika firjinsa, a lokacin ne wuta ke yi mana wasan ɓuya. Kafin ka ankara ga Yuni ya iso, ga jarrabawa a bakin ƙofa. Malamai suna ta ba mu shawara, ku tsara lokacinku, ku maimaita tsofaffin tambayoyi, ku yi karatu rukuni-rukuni. Duk gaskiya ne. Amma ban taɓa jin wanda ya tsaya ya tambaye mu da wane haske muke karatun ba. Wannan tambayar ce ta sa na ɗauki bik yau.

Kowa ya san babban kaso na wutar da muke sha daga Najeriya take zuwa: ta Yamai ta layin Birnin Kabi, tamu ta Maradi da Damagaram ta layin Katsina. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka yanke wutar, ba a maido ta ba sai a watan Maris na 2024. Ba siyasa na zo yi ba, wannan ba wurinta ba ne. Na tuna muku ne don mu gane cewa makunnin fitilar ɗakinmu yana iya kasancewa a hannun mutanen da ba su san da zamanmu ba. Wannan fa mu na birni ke nan. Ƴan'uwanmu da ke komawa ƙauye bayan an tashi lakkwal, da yawansu ko turken kuran ba su taɓa gani a garinsu ba. Saboda haka kowane ɗalibi yana buƙatar wani ɗan haske wanda makunninsa ke hannunsa shi kaɗai.

Hasken da muke da shi yanzu

Na farko fitilar bakin titi. Mu maza mun san ta: kowa da tabarmarsa da kayensa, ga sauro, ga ƙura, ga ƴan kabu-kabu suna wucewa suna yi maka oda. Ana karatu a hakan, har ana cin jarrabawa. Amma wace yarinya ce za a bari ta shimfiɗa tabarma a bakin titi ƙarfe goma sha ɗaya na dare? Wannan fitilar ta rabin ajinmu ce kawai.

Na biyu fitilar salula. Matsalarta uku. Tana shan cajin da kake buƙata don duba darussan da aka turo a WhatsApp. Tana fita duk inda mai ita ya fita, idan kuma salula ɗaya ce a gidan, to hasken ya bi baba masallaci ko ya bi yaya fada. Ta uku ita ce wadda duk muka sani ba mu son faɗi: ka kunna ta don ka karanta darasin tarihi, saƙo ya shigo, sai ka ɗaga kai ka ga awa guda ta tafi.

Na uku tocilar roba mai caji, wadda ake soka ƙafafunta biyu a bango. Ranar da ka saye ta haskenta kamar na mota. Bayan ƴan watanni sai ka yi mata cajin dare guda ta ba ka minti goma. Dalili shi ne yawancinsu ɗan ƙaramin batir na darma ne a ciki, mai bolt 4, kuma babu abin da ke tsayar da cajin idan ya cika. Ka bar ta a bango ta kwana, batirin ya dahu. Ka bar ta ta mutu murus kwana da kwanaki, batirin ya ƙi tashi. Ko ta ina aka bi, ƙarshenta bola, ka sake sayen wata. Araha ba ta ado.

Akwai kuma na huɗu, wanda ba mu ƙirga shi domin mun ɗauka ya mutu. Ku je ku duba ƙarƙashin gadon tsohuwa, ko cikin akwatin baba, ko bayan randa. Da wuya a rasa tsohuwar tocilar ƙarfe, mai cin manyan pil biyu, mai makunnin da ake turawa da babban yatsa. Ita nake so mu yi magana a kanta.

Abin da ya kashe ta

Tawa ta kawuna ce. Shekaru ya yi yana zagaya garken tumakinsa da ita da dare, yana haska hanya da damina saboda maciji da kunama. Da na gan ta a rataye ta yi ƙura, na tambaye shi ko ta lalace. Sai ya yi dariya ya ce: "Lafiyarta lau, ɗana. Amma wagga ba tocila ba ce, mata ta biyu ce, kowane sati sai ta nemi kuɗin cefane. In kana iya riƙonta, ɗauka."

Kawu ya faɗi gaskiya, kuma darasin fizik ya bayyana dalili. Tsohon ampul ɗin nan, wani siririn zare ne na ƙarfen tangistan a cikin ƙwan gilashi. Wuta na bi ta cikinsa, ya yi zafi har ya yi fari, shi ne hasken da muke gani. Wato asalinsa murhu ne, haske kuwa rara ce. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da pil ke bayarwa zafi yake zama. Ampul ɗin tocila mai pil biyu yana jan wajen rabin amper, kuma da pil ya ɗan yi sanyi sai hasken ya koma ja kamar garwashi. Ga pil ɗin kansa, na gargajiya mai bolt 1,5, sha ɗaya ne, in ya ƙare ya ƙare. In aka manta shi a ciki kuma ya zubo da ruwa ya ci ƙarfen. Amma fa jikin tocilar, da makunninta, da kwanon nan mai sheƙi da ke tattara haske, duk suna nan garau. Abu biyu ne kawai suka tsufa: ampul da pil. Su biyun kuma duniya ta riga ta samo magajinsu.

Magajin ampul shi ne LED. Shi babu zare a cikinsa, babu abin da ake ƙonawa. Wani ɗan ƙanƙanin dutse ne da aka ƙera, wanda ke fitar da haske kai tsaye idan wuta ta bi ta cikinsa. Ja aka fara samu, a 1962, a hannun wani Ba'amurke mai suna Nick Holonyak. Shuɗi ne ya gagara shekara da shekaru, sai a farkon shekarun 1990 wasu Japanawa uku, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka ci nasara, aka ba su kyautar Nobel ta fizik a 2014. Me ya sa shuɗi ya zama abin kyauta? Domin farin LED ɗin da ke cikin salularka shuɗi ne aka shafa masa wani rawayan gari a sama. Shuɗi da rawaya suka haɗu a idonka suka zama fari. Ku duba fitilar salula a kashe, za ku ga ɗigon rawayan. Da wat guda, tsohon ampul yana ba da lumen 10 zuwa 15, LED mai kyau kuwa yana kai 100 ko fiye.

Magajin pil kuma shi ne batir mai caji, musamman na lityom. Kamfanin Sony ne ya fara fitar da shi kasuwa a 1991, kuma a 2019 aka ba John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai saboda shi. Wato idan ka gyara tocilar kakanka, kyautar Nobel biyu ka zuba a cikin gwangwani guda.

A rumfar mai gyaran rediyo

Na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a gefen kasuwa, irin waɗanda teburinsu ke cike da gawarwakin rediyo da caja da waya kala-kala. Ya jujjuya ta, ya tura makunnin sau biyu yana saurare, ya ce ƙarfe mai kyau ne, ba a yin irinta yanzu. Sannan ya dube ni.

"Kai ɗan lakkwal ne?"

"E, Baba. Ajin ƙarshe na lise."

"To ni hannuna ya san rezistans ɗin da zan sa, shekara talatin ina wannan aiki. Amma tunda kai an koya maka da alli, zauna ka gaya mini dalili. In ka faɗi daidai, kuɗin kaya kawai za ka biya."

Ya miƙo mini bayan kwalin shayi da guntun fensir. Batirin lityom in ya cika bolt 4,2 ne. Farin LED mai wat guda yana son wajen bolt 3,2, kuma kada wutar da ke bi ta cikinsa ta wuce miliamper 350. Na zaɓi 300 don a bar masa sarari. Rarar bolt guda ke nan da za a sauke a kan rezistans. U = R × I, wannan dokar Om da muka haddace tun kolej: 1 a raba da 0,3, ya ba da 3,3. Na ce masa om 3,3. Ya ce zafin fa? Bolt 1 sau amper 0,3, wat 0,3, saboda haka mai rabin wat ya isa, mai wat guda ya fi kwanciyar rai. Bai ce komai ba. Ya buɗe wani gwangwanin madara, ya tona, ya ciro ɗaya mai zobe ruwan lemo biyu, ya ajiye a gabana. Tun kafin na zauna ya san ita zai ɗauko.

Shekara nawa ina rubuta wannan doka a takardar jarrabawa don a ba ni maki, ranar ce na fara ganin ta kunna wani abu.

Hanyoyi uku, kowa da ƙarfinsa

Hanya ta farko, a canja ampul kawai. Akwai LED da aka ƙera da gindi irin na tsohon ampul, ka cire wancan ka sa wannan, shi ke nan. Sai dai ka nemi wanda aka rubuta yana aiki da bolt 3 ko ƙasa da haka, domin irinsa yana da ƴar dabara a ciki mai ɗaga ƙarfin wuta. LED tsirara, in ka ba shi pil biyu, da sun ɗan yi sanyi zai dushe. In ka sa bai kama ba, kada ka yi saurin cewa ya lalace: LED ba kamar tsohon ampul ba ne, yana da gaba da baya, wuta ta hanya ɗaya kawai take bi ta cikinsa. Juya pil ɗin ka gani. Da wannan kaɗai, pil ɗin da ke yi maka sati zai daɗe sosai fiye da haka.

Hanya ta biyu, a ƙara da ƙananan batir masu caji, masu girman pil ɗin rimot, waɗanda aka rubuta NiMH a jikinsu. Kowane bolt 1,2 ne, ana yi musu caji sau ɗaruruwa, kuma ba su da saurin fushi irin na lityom. Sai ka nema musu gidan roba mai girman babban pil, ko ka yanka tiyon roba ka yi musu. Suna da cajarsu ta daban. Pil na gargajiya kuwa ba a yi masa caji, komai abin da wani ya gaya maka a fada. Fashewa yake ko ya zubo ruwa.

Hanya ta uku ita muka bi, ita ce kuma ta fi riba: batirin lityom da ake kira 18650. Sunan nasa awonsa ne, kauri milimita 18, tsawo milimita 65. Shi ne ke jere a cikin batirin tsofaffin kwamfutocin hannu, sau da yawa guda shida, kuma in batirin kwamfuta ya mutu ba lalle ne duka shidan sun mutu ba. Masu gyara suna fasa su su ware masu rai. Manyan pil biyu tsawonsu wajen milimita 123 ne, saboda haka in ka sa 18650 guda, saura wajen 58. A wannan sararin ne ake zaunar da ɗan allon caji mai suna TP4056, wanda bai kai ɗan yatsa tsawo ba, mai bakin cajar salula. Shi ne ke tsayar da caji a bolt 4,2, abin da tocilar roba ta rasa. Ka nemi mai kariya, wanda ke da wuraren liƙi huɗu a gefe guda: B+ da B− na batir, OUT+ da OUT− na fitila.

Ga yadda Baba ya yi, ina kallo. Ya kankare tsatsar cikin tocilar da takardar yashi har ƙarfe ya fito fes. Ya zura batirin a cikin guntun tiyon roba, ya toshe bakin, don kada ko'ina na jikinsa ya taɓa ƙarfen tocilar. Ya liƙa wayoyi da dalma a kan ƴan kunnuwan ƙarfen da batirin ya zo da su daga kwamfuta, bai ɗora zafi a kan batirin kansa ba. OUT+ ya bi ta rezistans ya tafi ƙafar + ta LED. OUT− ya tafi naɗaɗɗen ƙarfen da ke murfin gindi, da waya mai ɗan tsawo don a iya buɗe murfin. Ɗaya ƙafar LED ta tafi mazaunin tsohon ampul, inda makunni ke haɗa shi da jikin tocila. LED ɗin yana zaune a kan ɗan faifan alminiyom mai shan zafi, ya ce kada a raba su. Ya ɗan matsa shi gaba da baya a cikin kwanon har hasken ya taru wuri guda a bangon rumfa. In za a yi caji, a kwance murfin gindi a soka cajar salula: ja yana sha, shuɗi ya ƙoshi.

Lissafin takarda: batir mai miliamper-awa 2000, a raba da 300, awa shida da wani abu. A aikace hasken ba ya yankewa farat ɗaya, yana raguwa ne sannu a hankali yayin da batirin ke sauka, shi ya sa nake samun dare uku ko huɗu na karatu kafin na neme shi da caja. Wanda ke ƙauye, ƙaramin faifan rana mai bakin USB ya ishe shi, ko ya kai wa mai cajin salula ranar kasuwa.

Inda ba a wasa

A nan ina roƙonku ku karanta a hankali, domin lityom wuta ce a cikin kwalba. Kada ku ce na ce ku je ku fasa batirin kwamfuta da wuƙa a kan katifa. Wannan aikin a rumfar mai gyara ake fara koyonsa.

Duk batirin da ya kumbura, ko ya lotsa, ko ya yi tsatsa, ko yake wari, ba naka ba ne. A gwada shi da mita: in ya yi ƙasa da bolt 2,5 a bar shi. In rigar robar da ke jikinsa ta yage, a sake masa wata kafin a taɓa komai, domin duk jikin gwangwaninsa − ne, kansa kaɗai ne +, kuma tsakaninsu bai kai faɗin farce ba. Saboda wannan dalilin ne ba a jefa shi tsirara a aljihu tare da makulli ko canjin dala-dala.

Kada a jera guda biyu a tocila don wai a ƙara haske. Tsawonsu ya kusa daidai da na manyan pil biyu, shi ne jarabar, amma bolt 8,4 ke nan, LED ɗinka zai mutu kafin ka ƙifta ido.

Zafin ƙasarmu ma abin lura ne. Ba a son a yi wa lityom caji in zafinsa ya wuce digiri 45, mu kuwa a watan Afrilu inuwa ma tana wuce 40. A yi caji da safe ko da dare, a kan siminti ko cikin kwanon ƙarfe, ba ƙarƙashin matashin kai ba, ba kan rufin kwano ba. In faifan rana ne, faifan a rana, tocila a inuwa. In ka taɓa ka ji ya yi zafin da hannu ba ya so, cire shi.

Mai son ya farfaɗo da tocilar roba, ana iya yi, LED ɗinta yawanci lafiya lau suke. Amma a cire batirin darmar tare da duk kayan cajin bango, har ƙafafun nan biyu. Wanda ya haɗa lityom da tsohuwar hanyar cajin bango ya ɗana wa ɗakinsu tarko.

Sai maganar sababbi na kasuwa. In ka ga 18650 an rubuta masa 9900 ko wata lamba mai ban tsoro, ƙarya ce aka buga da fenti. Na gaske yawanci tsakanin 2000 ne da 3500, nauyinsa wajen giram 45. Ɗauki biyu ka auna a tafin hannu, na bogi sakayau yake kamar ba komai a ciki.

Matattun kuma, na lityom da na darma da na gargajiya, kada a jefa su a wuta, kada a bar wa yara. Duk mun ga ƙannenmu suna fasa pil da dutse don ciro baƙin sandan ciki, sannan su sa hannu a kwanon tuwo. A rufe kan na lityom da salatif, a tara su a gwangwani nesa da rijiya, a mayar wa mai gyara. Ko ba komai, wanda ya koma batir mai caji ya rage yawan gawar pil da ke zube a lungunmu.

Kuɗi, da wanda hasken ya fi yi wa amfani

Mu ce manyan pil biyu dala hamsin ne, wato 250. A lissafin kawu, sati guda suke yi. Wata guda jikka ke nan. Shekarar karatu wata tara, jikka tara. Ni abin da na kashe a rumfar Baba bai kai kuɗin pil na wata uku ba, batirin kuma ana yi masa caji sau ɗaruruwa. Ɗalibin da ke lissafin kuɗin fotokopi da na kumallo ya san abin da jikka shida ke nufi.

Amma ribar da ta fi kuɗi a gida na gan ta. Ƙanwata tana ajin birbe. Ni in na dawo lakkwal, na ci abinci, littafi ne a gabana in na ga dama. Ita kuwa akwai wanke-wanke, akwai ɗebo ruwa, akwai taya Inna girki, akwai goyon ƙaramin. Ba ta samun kanta sai bayan isha'i, daidai lokacin da wuta ta fi son tafiya. Ni ina da bakin titi, ita ba ta da shi. Sati na biyu da gyaran tocilar ta same ni a zaure.

"Yaya, kai fa kana da fitilar gwamnati. Wannan ta kawu ce, kawu kuma na mu duka ne."

Ba ni da amsa, don hujjarta ta fi tawa. Ita ce ma ta gano dabarar da ban sani ba: hasken tocila tsinin mashi ne, yana gajiyar da ido a kan farar takarda, sai ta kifa farin bidon roba a kan tocilar, hasken ya bazu a ɗakin kamar fitilar kwalba. Yanzu su uku ke zama kewaye da bidon nan, ita da ƙawayenta biyu na maƙwabta, har sha ɗaya. Da asuba Inna ta ɗauke ta ta shiga madafa. Ni na koma wurin Baba da wata matacciyar tocilar roba, wannan karon da hannuna na riƙe ƙarfen dalma yana kallo.

Ba na cewa tocila ta maye gurbin kuran. Ba ta juya fanka, ba ta sanyaya maganin asibiti, ba ta tayar da injin niƙa. Haƙƙinmu na samun wuta tsayayya yana nan, kuma mu ci gaba da faɗinsa da baki da alƙalami. LED ɗin da allon cajin ma ba mu muka ƙera su ba, daga waje suka zo. Amma tsakanin wanda ke saye ya yar ya sake saye, da wanda ya buɗe ya gane ya gyara, akwai tazara, kuma a wannan tazarar ake fara zama injiniya. Jami'ar Yamai sunan wa take ɗauke da shi? Abdou Moumouni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, ya rasu a 1991, malamin fizik da ya shugabanci ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, inda aka riƙa ƙera na'urorin dafa ruwa da hasken rana a nan gida, tun duniya ba ta damu da rana ba. Mutumin nan bai ɗauki fizik a matsayin abin haddacewa don maki ba. Mu da ke wucewa ta ƙarƙashin sunansa, ko muke burin wucewa, bai kamata a ce ɗan gwangwani mai waya huɗu ya gagare mu ba.

Ga shawarata ga ƙungiyarmu, da duk fadar da wannan ɗan littafi ya isa. Kafin zafi ya shigo, mu ware Asabar guda. Kowa ya tono tsohuwar tocilar gidansu, ta ƙarfe ko ta roba. Mu yi karo-karo mu sayi mita guda da ƙarfen dalma guda, su zama na kowa. Mu je mu gaida wani mai gyaran rediyo na unguwa, mu roƙe shi ya zauna da mu, mu biya shi kuɗin yininsa, don iliminsa ba na banza ba ne. Ƴan ajin kimiyya su yi lissafin, ƴan ajin adabi su rubuta matakan da Hausa a takarda guda mu yi fotokopi, ƴan mata su riƙe ƙarfen dalma kamar kowa. Waɗanda aka fara gamawa kuma a ba masu jarrabawar bana da ba su da bakin titi: ƴan'uwanmu mata, da waɗanda ke kwana ƙauye. Wanda ya riga ya gwada wata hanyar da ta fi wannan, ya rubuto mana, a saka a fitowa ta gaba.